Yadda iska ke ɗaukar ƙura da inda take jibge ta

Tambaya: Malam, na karanta cewa a ƙasar Sin akwai tudu mai kaurin sama da mita ɗari wanda wai iska ce ta tara shi da ƙura zalla. Abin ya ɗaure mini kai. Yaya iska ke ɗaukar ƙura? Me ke sa wata ta faɗi nan kusa, wata kuma ta ƙetare teku? Kuma me ya sa hamada, wadda ita ce uwar ƙura, ba ta cika tara irin wannan ƙasa ba?

Amsa: Abin da ka karanta gaskiya ne, ɗan'uwa, har ma an rage. A wajen birnin Lanzhou kaurin wannan ƙasa ya haura mita 300. Sunanta a wurin masana lowes, kalmar Jamusanci ce da Karl von Leonhard ya shigar cikin ilimin ƙasa a shekarun 1820, yana bayanin wata lallausar ƙasa mai launin rawaya da ke kwarin kogin Rayin a Jamus. Amma kafin mu kai Sin sai ka ajiye wani zato da kusan kowa ke da shi, cewa ƙura na tashi ne don ba ta da nauyi. Ƙura mai laushi sosai tana cikin abubuwan da suka fi wa iska wuyar ɗagawa. Sai an taso ta. Kuma in ta sauka, sai an riƙe ta, in ba haka ba gobe ta ƙara gaba. Tambayoyinka uku duk a kan waɗannan abubuwa biyu suke.

Mu fara da girman ƙwaya, don shi ne ke raba komai. Ana auna shi da maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Silin gashin kai yana kai maikuron 70 ko kusa da haka. Daga maikuron 63 zuwa milimita 2 yashi ne. Ƙasa da maikuron 2 yumɓu ne. Abin da ke tsakani, daga 2 zuwa 63, shi zan kira garin ƙasa, domin in ka murza shi a yatsu kamar gari yake, ba ya kartar fata irin na yashi, ba ya kuma danƙo irin na yumɓu. Mafi yawan lowes garin ƙasa ne, galibi tsakanin maikuron 20 da 50. Ƙurar da ke ƙetare teku kuwa ta fi wannan laushi, yawanci ƙasa da maikuron 20.

Mutumin da ya fara warware wannan lamari dalla-dalla shi ne Ralph Bagnold, injiniyan sojan Ingila da ya daɗe yana ratsa hamadar Libiya da mota, daga baya ya gina bututun gwajin iska ya riƙa hura yashi yana aunawa, ya fitar da sakamakonsa a 1941. Abin da ya gano shi ne ƙwayar da iska ta fi saurin motsawa ita ce mai girman kusan maikuron 80 zuwa 100, wato rairayi mai laushi. Wadda ta fi haka girma nauyi ke hana ta. Wadda ba ta kai haka ba kuwa abu biyu ke tsare ta. Na farko, ƙananan ƙwayoyi suna manne wa juna: danshi, gishiri, da ƙarfin janyo juna da ke tsakanin fuskokinsu sun fi nauyinsu ƙarfi nesa ba kusa ba. Na biyu, dab da ƙasa akwai wani siririn shimfiɗin iska, bai kai milimita ba, wanda kusan a tsaye yake komai ƙarfin iskar da ke sama. Ƙwayar yashi takan leƙo da kanta sama da wannan shimfiɗi, iska ta same ta. Ƙwayar gari kuwa tana kwance a cikinsa lakadan. Bagnold ya shimfiɗa garin siminti sumul a bututunsa, ya sakar masa iskar da ke iya ture ƙananan tsakuwa, garin bai ko motsa ba. Shi ya sa za ka ga hanya mai turɓaya shiru ana iska, amma da garken dabbobi ko mota ta bi sai ƙura ta turnuƙe.

To a dajin da babu mota, wa ke taso ta? Yashi. Idan gudun iska a tsayin mutum ya kai kamar mita 5 zuwa 6 a sakan, kusan kilomita 20 a awa, busasshen rairayi yakan fara motsi. Ƙwaya ta ɗan girgiza, ta yi tsalle sama kusan a miƙe, iskar da ta fi gudu a sama ta kwashe ta, sannan ta dawo ƙasa a kishingiɗe, da kusurwar da ba ta cika wuce digiri 10 zuwa 15 ba. Inda ta faɗa sai ta fantsamar da wasu, su ma su yi nasu tsallen. Haka abin ke haɓaka daga bakin fili zuwa tsakiyarsa, shi ya sa tsawon fili ta fuskar da iska ke bi yake da muhimmanci ƙwarai. Wannan tsalle-tsalle shi ke ɗauke da kusan kashi uku cikin huɗu na yashin da ke tafiya, kuma mafi yawansa ƙasa da gwiwa yake faruwa. Duba gindin falwayar katako ko dutse a wurin da yashi ke gudu, za ka ga ƙasan ne ya cinye, saman lafiya lau. Ragowar kashi ɗayan manyan ƙwayoyi ne da ba sa tashi, ƙananan ne ke tunkuɗa su suna mirginawa. Ƙwaya mai tsalle na iya ture wadda ta ninka ta sau shida a faɗi.

Akwai abubuwa biyu a nan da ya kamata ka riƙe. In tsallen ya riga ya fara, ko iska ta ragu zuwa kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin da ya tayar da shi, ba zai tsaya ba, domin yanzu karo ne ke tayar da ƙwayoyi, ba hurawa kaɗai ba. Sannan yawan yashin da ke tafiya ba ya ƙaruwa daidai da gudun iska. In gudun ya ninka biyu, abin da ke tafiya yakan ninka kusan takwas. Saboda haka awa uku na iska mai ƙarfi sukan yi aikin da wata guda na iskar yau da kullum ba ta yi ba, kuma duk wanda ya yi lissafin zaizaya da matsakaicin gudun iska na wata ya yaudari kansa.

Kowace ƙwayar yashi da ta dawo ƙasa kamar 'yar guduma ce. Tana fasa ɓawon ƙasa, tana farfasa dunƙulen yumɓu, tana kankare lulluɓin da ke jikin 'yan'uwanta, tana watsa garin sama inda hargitsin iska zai kama shi. Wannan ne asalin yawancin ƙurar duniya. Don haka wurin da ya fi fitar da ƙura ba tsakiyar tuddan rairayi ba ne, can an daɗe da sheƙe garin, sai tsabar yashi. Ba kuma filin yumɓu mai tauri ba ne shi kaɗai. Wurin da yashi ya samu hanya ya bi ta kan lallausar ƙasa ne: busasshen tafki, fadamar kogin da ya ƙafe, bakin kwarin da ambaliya ta zubar da laka, ko gonar da aka niƙe ƙasarta da garma aka bar ta tsirara.

Misali mafi girma shi ne kwarin Bodele a arewacin Chadi. Shekaru dubu bakwai da suka wuce gindin wani makeken tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yau ɗan ragowarsa ne. Da ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa marar nauyi, wadda ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ce da suka taru. Iskar arewa maso gabas kuma dole ta matse ta bi tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da gudu kamar ruwa a bakin mazurari. Da dare wannan iska mai gudu tana sama, ba ta taɓa ƙasa. Da hantsi, rana ta ɗumama ƙasa iska ta fara cakuɗuwa, sai ƙarfin ya sauko, ƙura ta tashi. Kusan kwana ɗari a shekara haka ake yi, kuma a duniya babu wuri ɗaya da ya kai shi fitar da ƙura. Wani kaso na hazon da iskar hunturu ke kaiwa har gaɓar Tekun Gini daga nan yake. Ɗan'adam ma yakan ƙirƙiri irin wannan wuri da hannunsa. Tafkin Owens a Kalifoniya ya bushe bayan an karkatar da ruwan da ke shiga cikinsa zuwa Los Anjalas tun daga 1913, har ya taɓa zama wurin da ya fi ko'ina fitar da ƙura a Amurka. Tekun Aral da ke tsakiyar Asiya ya bi sahu bayan an janye kogunansa don noman auduga.

Ba kowace iska ce ke kai ƙura sama ba. 'Yar guguwar rana tana ɗaga ta ɗaruruwan mitoci amma kaɗan take ɗauka. Wadda ta fi ban tsoro ita ce ta gaban hadari, wadda a Sudan ake kira habub: sanyayyar iska ta faɗo daga cikin girgije, ta bazu a ƙasa, ta tura bangon ƙura mai tsayin kilomita ɗaya ko fiye. A Asiya kuwa sanyayyar iskar da ke gangarowa daga Saiberiya da Mongoliya a ƙarshen sanyi ita ke share hamadar Gobi.

Da zarar ƙwaya ta shiga iska, tsere ne tsakanin saurin faɗuwarta da ƙarfin hargitsin da ke mayar da ita sama. Ga lissafin, na ƙwayar dutse a iskar da ba ta motsi. Mai maikuron 50 tana faɗuwa da kusan santimita 20 a sakan. Mai maikuron 10, ƙasa da santimita ɗaya. Mai maikuron 2, kusan kashi uku cikin ɗari na santimita. Ka lura, in faɗin ƙwaya ya ragu sau biyar, saurin faɗuwarta sau ashirin da biyar yake raguwa. Ka ɗauka an sake su daga tsayin kilomita ɗaya: ta farko za ta iso ƙasa cikin awa ɗaya da rabi, ta biyu sai bayan kwana ɗaya da rabi, ta uku kuwa sama da wata guda. Nan amsar tambayarka ta biyu take. Ƙwayoyin da ke tsakanin maikuron 20 da 70 suna tafiya ne ƙasa-ƙasa, na 'yan mintoci ko awoyi, su sauka cikin kilomita goma-goma daga inda suka taso, wani lokaci su sake tashi su ƙara gaba. Su ne ke gina lowes mai kauri. Waɗanda ba su kai 20 ba su ne matafiya.

Matafiyan nan in sun hau busasshiyar iska mai zafi da ke fita daga Sahara a tsayin kilomita 1.5 zuwa 5 ko 6, sukan ƙetare Tekun Atlantika cikin kwana biyar zuwa bakwai. Tun a 1832 Charles Darwin ya kwashe ƙurar da ta sauka a kan jirgin ruwan da yake ciki kusa da tsibiran Kef Bade da ke yammacin Afirka, kuma tun 1965 ake auna ƙurar Afirka a tsibirin Barbados, can ɗaya gefen tekun. Wani bincike na hukumar NASA da aka fitar a 2015, bisa awon tauraron ɗan'adam na shekarun 2007 zuwa 2013, ya ƙiyasta tan miliyan 182 na barin yammacin Sahara kowace shekara, tan miliyan 27.7 na sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka, ɗauke da kusan tan 22,000 na fosforas (sinadarin da tsirrai ke buƙata), wanda ya yi kusan daidai da abin da ruwan sama ke wanke wa dajin. An daɗe ana jingina wannan ga Bodele, amma binciken baya ya nuna hamadar da ke tsakanin Mali da Muritaniya na da babban kaso. Kuma lissafin faɗuwar da na ba ka ba ya cika kamawa ɗari bisa ɗari: an tsinci ƙwayoyin da suka haura maikuron 100 a tsakiyar teku, dubban kilomita daga Afirka, inda bisa ƙa'ida bai kamata su kai ba.

Saukar kuwa hanya biyu ce. Ko dai ta faɗo da kanta in iska ta lafa, ko ta yi karo da ganye, ciyawa, gini; ko kuma ruwan sama ya wanko ta. Kusa da tushe faɗuwar busasshiya ce ta fi yawa. Nesa kuwa, inda sai mafi laushi suka rage, ruwan sama ne ke sauke mafi yawa, shi ya sa a kudancin Turai wani lokaci akan wayi gari motoci sun yi ja da ruwan laka.

Amma sauka daban, zama daban, kuma nan ne amsar tambayarka ta uku. Ƙurar da ta sauka a kan dutse tsirara ko tudun rairayi ba ta da mariƙi. Iska ta gaba za ta zo da yashi ya sake tayar da ita. Kafin ƙura ta zama ƙasa sai an samu tarko: ciyawar da za ta rage gudun iska dab da ƙasa, saiwar da za ta ɗaure abin da ya sauka, ɗan ruwan sama da zai jiƙa shi ya manne, ko gansakukar da ke yin ɓawo a fuskar ƙasa. Ciyawar takan ci gaba da tsirowa ta cikin abin da ya binne ta, ƙasa na hawa tana hawa. Saboda haka lowes a gefen hamada yake taruwa, inda ruwan sama ya isa ciyawa, ba a cikinta ba. Wanda ke kewaye da Sahara da makwabtanta, irin na Matmata a Tunisiya, na Negeb a Isra'ila, da na arewacin Najeriya, duk a gefe yake, kuma bai kai na Sin ko kusa ba. A cikin hamadar kanta tarkon da ake samu shi ne filin tsakuwa: ƙura ta shige tsakanin duwatsu, ruwa ya zurarar da ita ƙarƙashinsu, a hankali duwatsun su riƙa hawa kan lallausar ƙasar da ke taruwa. In ka ɗaga dutse ɗaya a irin wannan fili za ka tarar da gari mai ƙananan ramuka kamar soso. Tayar mota ɗaya in ta fasa wannan rufi, ƙurar dubban shekaru ta samu ƙofa.

Akwai kuma batun wanda zai niƙa garin tun farko. Ma'adinin kwats, wanda shi ne mafi yawan yashi, ba ya saurin farfashewa zuwa maikuron 30. Babban maniƙin duniya shi ne ƙanƙarar da ke tafiya a kan duwatsu tana gurza su. A zamanin ƙanƙara na ƙarshe, wanda ya kai ƙololuwa kusan shekaru 21,000 da suka wuce, narkakken ruwa yakan kwaso wannan gari da rani ya baza shi a fadamun manyan koguna. Da kaka ruwa ya janye, fadama ta bushe babu ko ciyawa, iska ta kwashe ta zuba a kan tudun da ke gefe. Haka aka samu lowes na kogunan Misisipi da Mizuri a Amurka, da zirin da ya taso daga arewacin Faransa ya bi ta Beljiyam, Jamus, Folan har Yukren, da na kwarin Danub. Ƙanƙarar da aka haƙo a Antatika ta nuna ƙurar wancan zamani ta ninka ta yau sau ashirin ko fiye. A Sin kuwa dogayen duwatsun tsakiyar Asiya ne ke samar da garin ta hanyar ƙanƙara, sanyi mai fasa dutse da koguna, hamada ta zama ma'ajiya, iska ta ɗauka daga can. Kusan kashi goma cikin ɗari na doron ƙasa lowes ne ya rufe shi, kuma cikinsa akwai ƙasashen noma mafi albarka, domin gari ne sabo mai ma'adinai, yana riƙe ruwa, garma kuma ba ta shan wuya.

An yi shekaru masana ilimin ƙasa na gardama kan ko ruwa ne ya kwantar da lowes ko iska. Charles Lyell ya tafi a kan ruwa. Ferdinand von Richthofen, bayan tafiye-tafiyensa a Sin tsakanin 1868 da 1872, ya tsaya a kan iska, kuma hujjojin da suka tabbatar da hakan su ne dai waɗanda za ka duba in ka samu kanka gaban gaɓar da kake zargi. Ruwa cike kwari yake yi ya bar tudu. Lowes kuwa ya lulluɓe tudu da kwari kamar bargo. Abin da ruwa ya kwantar yana da layi-layi da tsakuwa jefi-jefi. Wannan ba layi, ba tsakuwa. Katantanwar da ke cikinsa ta tudu ce, ba ta ruwa ba. In ka ɗiga masa ruwan asid mai rauni yakan yi kumfa saboda sinadarin farar ƙasa da ke ciki, wanda wani lokaci yakan dunƙule ya zama 'yan duwatsu masu kama da 'yartsana. Hujja mafi ƙarfi kuwa sai ka yi tafiya: kauri da girman ƙwaya suna raguwa yayin da kake nisa da tushe, ta fuskar da iska ke bi. Guy Smith ya auna wannan a jihar Ilinoi ta Amurka a 1942, ya ga kaurin na faɗuwa da sauri a 'yan kilomitocin farko daga bakin kogi, sannan ya ci gaba da raguwa sannu a hankali. A Sin ma haka: arewa maso yamma, kusa da hamada, lowes ɗin mai yashi-yashi ne, kudu maso gabas kuma yumɓun cikinsa ya ƙaru.

Tudun na Sin faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 640,000, kuma an shafe shekaru miliyan 2.6 ana tara shi, ƙarƙashinsa ma akwai jan yumɓun da ya girme shi wanda shi ma iska ce ta kawo. Raba mita 200 da waɗannan shekaru ka gani: bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita a shekara ba, kaurin takarda ke nan. Kuma ba a jere ya taru ba. In ka tsaya gaban gaɓa a Luochuan za ka ga rawaya, sai jan layi, sai rawaya, sai ja, sama da sau talatin. Rawayan lokacin sanyi da fari ne, ƙura na zuba da yawa. Jan lokacin ɗumi da damina ne, zubar ta ragu har ƙasar noma ta samu damar nuna. Masanin ilimin ƙasa Liu Dongsheng da ɗalibansa ne suka yi fice wajen karanta wannan tarihi.

Yadda ya sauka a hankali, ƙwaya kan ƙwaya, shi ya ba shi halinsa mai kyau da mai haɗari. Kusan rabin jikinsa rami ne. Ƙwayoyin na tsaye ne a kan 'yan gadojin yumɓu da farar ƙasa. In a bushe yake, za ka yanka shi a miƙe kamar bango ya tsaya shekaru, har miliyoyin mutane a arewacin Sin suna zaune cikin ɗakunan da aka fafe a jikinsa. In ruwa ya shiga, gadojin su narke, ƙasar ta zauna farat ɗaya. Gini yakan tsage ba don nauyinsa ya ƙaru ba, sai don bututun ruwa ya fashe a gindinsa ko an fara ban-ruwa kusa. Injiniya yakan gane haka ta hanyar ɗaukar samfur biyu daga rami ɗaya, ya danna ɗaya a bushe ɗaya a jiƙe, ya kwatanta yadda suka nutse. Maganin shi ne a jiƙa wurin tun kafin gini, ko a daddaka shi da ƙarfe mai nauyi da ake sakowa daga sama, ko a kafa ginshiƙai su wuce shi, sannan a kawar da duk ruwan rufi nesa da tushe. Masu yanka hanya kuma sun koyi barin gaɓarsa kusan a tsaye, don in aka kwantar da ita ruwan sama ya samu wurin bi sai ta zama kwazazzabai. Wannan saurin zaizaya ne ya ba Rawayen Kogi na Sin launinsa; a da yakan ɗauki kusan tan biliyan 1.6 na laka a shekara. A girgizar ƙasar da aka yi a Haiyuan ta ƙasar Sin ranar 16 ga Disamba 1920, wadda ta kashe sama da mutum 200,000, zaftarewar tuddan lowes da rushewar ɗakunan cikinsa ne suka ci da yawa.

In ka fahimci cewa yashi ne ke tayar da ƙura, hanyar hana ta a gona ta fito fili: a hana tsallen. Amurka ta koyi wannan da tsada a shekarun 1930, bayan an nome ciyawar filayenta na tsakiya fari ya biyo baya. Ƙurar watan Mayu 1934 ta kai har Niyok da Washintan, ta 14 ga Afrilu 1935 ta mayar da rana dare, kuma a shekarar aka kafa hukumar kare ƙasar noma. Abin da ke aiki shi ne a bar karan amfanin gona a tsaye, a bar ƙasa da hoge maimakon a niƙe ta, a yi kunya a gicciye da iska, a gajarta fili da zirin ciyawa. Shingen itatuwa yana kare nisan da ya ninka tsayinsa sau goma zuwa ashirin a bayansa, amma sai ya zama mai ɓula, kusan rabi a buɗe. Shinge mai toshewa gaba ɗaya yakan sa iska ta haura ta faɗo da murɗawa dab da bayansa, giɓi ɗaya kuma a jikinsa ya zama mazurari. A Shapotou ta ƙasar Sin, inda layin dogon Baotou zuwa Lanzhou ya ratsa rairayi, tun shekarun 1950 ake cusa tattaka a ƙasa a yi murabba'i mita ɗaya-ɗaya, a bar santimita 10 zuwa 20 a waje. Wannan ɗan tsayi ya isa ya karya gudun iska a inda tsallen ke faruwa.

In kuwa so kake ka auna ƙurar da ke sauka da kanka, kada ka ajiye faranti haka kawai, iskar da ta kawo ita za ta kwashe. Nemi kwano mai zurfin santimita goma, ka sa raga a ciki, ka jera ƙananan ƙwallayen gilashi layi biyu a kan ragar. Ƙura za ta zurara ta tsakaninsu ta kwanta inda iska ba ta kaiwa. Ɗora shi a kan sanda mai tsayin mita biyu don yashi mai tsalle kada ya shiga, nesa da hanya da itatuwa, ka ɗaura waya a samansa saboda tsuntsaye. Bayan wata guda ka wanke ƙwallayen da tataccen ruwa, ka busar, ka auna nauyi, ka raba da faɗin bakin kwanon da adadin kwanakin. Wajen auna girman ƙwaya kuma ka raba samfurin biyu. Ɗaya a auna shi yadda yake, ɗaya bayan an zuba sinadarin da ke warware dunƙule. Yumɓu sau da yawa a dunƙule yake tafiya, da girman garin ƙasa ko ma rairayi, kamar yadda aka gani a kudu maso gabashin Ostireliya. In ka warware shi duka kafin awo, sakamakon zai nuna maka ƙwayoyin maikuron 2, ka ɗauka daga wata nahiya suka zo, alhali daga busasshen tafkin da ke bayan tudu suke.